Ɗankunnen Kaka a cikin ciyawa

Gwaggo Asabe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya gida, ya ƙafar Kaka, ya su Ummi? Mu nan Withington a Ingila lafiya lau, sai ruwan sama.

Gwaggo, ke kaɗai zan iya gaya wa. Ɗankunnen zinarin da Kaka ta ba ni, ɗaya ya faɗi cikin ciyawar park, filin shaƙatawa, ranar Sallah. Umma ba ta sani ba, kwana goma ke nan ban cire ɗankwali a gabanta ba.

Yaya Sadiƙu ya kawo min na'urarsa ta neman tsofaffin kwabbai daga Birmingham. Mai araha ce, ko murfin kwalba ta ji sai ihu. Da ƙyar na iya roƙon maƙwabcinmu, wani tsohon Bature da ƙaramar hukuma ta sallama daga aiki, ya ara min tasa mai bambance zinari da ƙarfe. Amma duk ƙasar da na ɗebo na kai kusa da ita sai ta yi ƙara, in duba ba komai. Rami bakwai na haƙa! Sai tsohon ya yi dariya ya nuna hannuna. Ashe awarwaron da kika aiko min take ji.

Na cire su. Tsohon kwabon penny ɗaya na samu, ɗankunne shiru. Ran Litinin za a yanke ciyawar wurin, ko abinci na kasa ci.

Ki taya ni da addu'a, ki gaishe min da kowa. In Kaka ta tambaya, ki ce kullum ina sa shi. Ba ƙarya ba ne, ɗayan yana kunnena.

'Yarki,
Halima