Ramin da ke Tsakiyar Hasken Baba

Sharada, Kano,
Lahadi.

Zuwa ga Yaya Hansatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙarfin jikin Baba, yaya kuma ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai aiki.

Takardarki ta iso ta hannun Tijjani direba, tare da tocilar da Baba ya dawo min da ita. Na gane abin da ya hana ki faɗa min a waya, kunnen Baba har gobe ya fi namu. Kin ce yana ta mita, wai idan ya haska littafi a karatun asuba sai wani baƙin rami ya zauna a tsakiyar hasken, daidai kan kalmar da yake nema, har ya fara zancen sallamar dattawan da ke ɗaukar karatu a zaurensa. Kin ce kuma tsoronki kada a ce idonsa ne. Ke dai Yaya akwai saurin tsorata. Ki kwantar da hankalinki, tocilar ce.

Na haska ta a bangon ɗakina, wallahi ga ramin nan ɓaro-ɓaro, haske ya zagaye shi kamar awarwaro. Kunya ta kama ni, don a kamfaninmu na tocila, a layinmu, aka haɗa ta, wataƙila ma da hannuna. Amma mamaki ya fi kunyar yawa. Ta yaya abin da aikinsa ba da haske zai bar duhu a tsakiyarsa? Washegari lokacin hutu ko abinci ban nema ba, na tafi wajen Injiniya Shifa'u, wadda ke duba ingancin kayanmu kafin su fita. Ta kwance kan tocilar ta nuna min ɗan kwanon nan mai sheƙi da ke bayan gilashi. Shi ne yake tattara hasken da ƙwan LED ya watsa, ya tura shi gaba. Kuma a cikin kwanon gurbi ɗaya ne tak da ƙwan zai zauna hasken ya haɗu a tsakiya. In ya shige gaba da kaurin farce, ko ya noƙe baya, sai hasken ya bi gefe-gefe ya bar tsakiya fayau. A tocilar Baba, wani siririn zoben roba da ke ƙarƙashin kwanon aka manta ba a sa ba. Tun da na fara aikin nan nake sa zoben, ni a zatona na hana ƙura ne.

Na sa shi, ramin ya ɓace ɓat. Ga ta nan na naɗe cikin tsumma. Ki gaida Baba da Inna, ki ce kada ya sallami kowa.

Ƙanenki,
Usaini.

Sharada, Kano,
Talata.

Zuwa ga Yaya Hansatu,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Da fatan zazzaɓin 'yarki Aina'u ya sauka, kuma Inna tana shan maganinta ba tana ɓoyewa ƙarƙashin katifa ba.

Da na ga Tijjani ya sake miƙo min tsumman nan, sai da raina ya ɓaci. Kin ce Baba ya ce ramin yana nan, ke kuma ba ki ga rami ba, sai wani rawayan zobe a bakin hasken. To, zoben kam kin yi gaskiya, na gan shi. Kin san abin da ya ɗaure min kai? Ashe ƙwan nan da muke cewa fari, asalinsa shuɗi ne. Wani rawayan shafi ake yi masa a sama, sai shuɗin ya ratsa ta ciki ya fito fari. Hasken da ya fita ta gefe ya fi daɗewa cikin shafin, shi ya sa yake fitowa da rawaya-rawaya. Kwanonmu kuma sumul yake kamar madubi, ba ya rufa wa kowa asiri, duk abin da ke jikin ƙwai sai ya kwafe shi ya manna a bango. Har wasu siraran layuka na gani da na matso kusa.

Injiniya ta ce akwai wani irin kwano da ake yi wa cikinsa kurzunu-kurzunu kamar ɓawon lemo. Shi yana cakuɗa hasken ne kafin ya tura, sai zobe da layuka su narke. Ba ya kai nisan mai sumul, amma Baba ba farauta zai je ba. Kamfaninmu ba ya amfani da shi, don haka ranar Asabar na hau adaidaita zuwa Bompai, na bi sito-sito ina kaucewa tireloli, har na samu a wajen wani mai kayan fitilu. Na dawo na haɗa. Yaya, da kin ga hasken nan a bango, lumui, babu tabo ko ɗaya. Abokan aikina har layi suka yi suna kallo, suna min tsiya wai na kusa buɗe nawa kamfanin.

Yanzu ga yadda za ki rufe bakin tsoronki. Ki ɗora tocilar a kan kujera ta haska bango, kada kowa ya taɓa ta. Ki ce Baba ya kalli tsakiyar hasken, sannan ya mai da idonsa gefe a hankali. Aibin tocila a bango yake zama, ba ya bin mutum. In akwai saura zai gan shi ya tsaya inda yake, sai ki faɗa min siffarsa in san abin da zan gyara. Ina ɗokin jin amsarki.

Naki,
Usaini.

Sharada, Kano,
Laraba.

Zuwa ga Yaya Hansatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, Allah Ya ƙara mana lafiya.

Wannan karon takarda kawai Tijjani ya ba ni, babu tsumma. Na karanta a bakin get, na kasa komawa ciki sai da mai gadi ya yi min magana.

Kin ce ramin ya bi shi. Ya kalli dama ya bi shi, ya kalli ƙofa ya bi shi, ya kalle ki ya zauna a kan fuskarki. Kin ce sannan ya faɗa miki tun damina yake gane mutane a kasuwa da muryarsu. Abin da ya fi karya min zuciya shi ne da ya ce ranar da kika gaya masa ni ma na ga ramin a bangona, har nafila ya yi ta godiya, don ya ɗauka da gaske tocilar ce. Na yi kuka, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Ke kika yi gaskiya tun farko.

Na nemi izini a wajen aiki, ranar Juma'a bayan masallaci ina tafe. Zan taho da shi Kano asibitin ido. Ban san me za su ce ba, kuma ba zan sake yi miki alƙawarin abin da ban sani ba. Kafin nan, don Allah kada ki bari wani mai sakiya ya kusanci idon nan, ko wa ya kawo shi.

Maganar zaure kuma, ki lallaɓa shi kada ya sallami dattawan. A ba Malam Abubakar tocilar, tunda ya fi su ƙarfin ido, ya riƙa karantowa, Baba yana fassarawa. Abin da ke cikin littattafan nan ai yana kansa.

Abu ɗaya nake so ki tambayar min shi, in kin ga ransa ya yi sanyi. Gefen hasken, wajen da har yanzu yake iya gani, ya yi masa kyau? Saboda gefen nan na sauya kwanon.

Ki gaida Inna, ki ce ta haɗa masa kaya.

Ƙanenki mai ƙaunarku,
Usaini.