A Kan Jan Fentin da Aka Shafa wa Zauren Gidanmu

Zuwa ga Mai Girma Jami'in da ya sa hannu a takardar rushe zauren gidanmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na zaɓi in rubuto maka a bainar jama'a ne saboda sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini ka fita zagaye.

Ranka ya daɗe, ranar Talatar da ta wuce ma'aikatanka sun zo unguwarmu a nan Potiskum suna awon inda sabuwar kwata za ta bi. Suka shafa wa zaurenmu jan fenti, suka bar takarda mai cewa "tsohon kango ne da ba kowa a ciki". Wannan kalma ta kango ita ta hana ni yin shiru.

Na ɗaya, mu goma sha ɗaya muke kwana a gidan nan. Kakana ne ya gina shi lokacin da ya zo daga Kano yana fataucin kanwa da fata, tun wannan titi yana turbar shanu. A zauren nan fatake suke sauka, a nan aka ɗaura auren iyayen rabin unguwar. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, a gidan aka haife ta, kuma har yau tana ciki, idanunta sun tafi amma ba mai riƙe mata hannu daga ɗakinta zuwa ƙofa.

Na biyu, gaskiya ne gidan ya taɓa lalacewa. Bayan rasuwar mahaifina damina ta ci bangon gabas, gara ta shiga rufin. 'Yan'uwana suka ce a sayar a raba. Ni kuwa, shekarar da aka ba mu sabuwar jiha, na bar gidan malamai a Mamudo inda nake koyarwa, na kwaso iyalina muka tare a ɗaki guda da ba ya yoyo. Rani uku muka yi muna aiki. Magina na cikin gari duk suka ce in rushe in sa bulo, sai da na je Fika na samo wani dattijo, Baba Maina, wanda ya san ginin ƙasa. Ya zagaya zauren, ya ƙwanƙwasa bango da sandarsa, ya ce, "Malam, wannan zai binne ni da kai. Rufi kawai yake so." Muka sauke azara ɗaya bayan ɗaya, muka canza waɗanda suka ruɓe, muka sake yaɓe. Matata da 'ya'yana mata su suka yi daɓen tsakar gida, ni nake kwaɓa ƙasa bayan na taso daga aji. Abokan aikina sun yi mini dariya. Yanzu idan zafi ya tsananta, a zauren nan suke zuwa su miƙe ƙafa.

Na uku, wanda ya yi awon bai shigo ba, bai ma yi sallama ba. Daga bakin titi ya ja igiyarsa. Da ya leƙa ta gefen kudu, da ya ga shagon bulo da ni na gina da kaina. Idan kwatar ta karkata taku huɗu, ta nan za ta wuce. Ba na gaba da kwata, ruwa yana cutar maƙwabtana kowace damina. Na yafe shagon, a rushe shi, ba na neman diyya.

Don haka ina roƙon ka turo wanda zai sake awon, a kuma goge kalmar kango daga takardunku. In da hali ka zo da kanka ka gani.

Idan duk da haka aka ce sai zauren, ba zan yi jayayya da hukuma ba. Amma a sanar da ni ranar, domin in sa babbar riga in tsaya a ƙofa. Ba a taɓa zuwa gidan nan ba a tarar da mai gida ba.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama aikinka da mutunci, ya raya maka zuriya a gidan da za su yi alfahari da shi.

Wassalam.

Naka,
Malam Sabo, jikan mai gidan,
Potiskum.