Yau Inna Ta Kira Sunana

Faskari, daren Laraba, 9 ga Rajab

Yau ƙanena Sabi'u ya nuna mini iyakarsa. Da safe ya riga ni zuwa asibitin da Inna take kwance, da shaidu biyu da takardar wakilci. Inna da ta shekara uku ba ta bambance Asuba da Magariba, ita ya tambaya: "Tsakanina da Yaya, wa kike so ya riƙe al'amuranki? Faɗi sunansa." Ta ce Sabi'u. Suka dangwala mata yatsa.

Ya san ni ne ɗan fari. Ya san shekara sittin da takwas bakinta bai taɓa furta sunana ba, sai dai "wancan". Da kunyar uwarmu ya ɗana mini tarko, don ya sayar da gonarta da ke Sheme, ya kwashe Inna zuwa Kaduna inda ba ta san kowa ba.

Na tare shi a bakin ƙofa. Ya ce, "Yaya, ai kowa ya ji wanda ta zaɓa. Ko mu koma ta maimaita?" Na wuce shi na shiga wurin Inna.

Da la'asar ina gyara mata mayafi, ta dube ni ta ce, "Usmanu, ka ci abinci?" A fili, gaban mutane. Nan na tabbata hankalin Inna ya tafi. Gobe zan tsaya gaban alƙali in faɗi haka game da mahaifiyata da bakina don a soke takardar, kuma wannan ne ba zan yafe wa Sabi'u ba.