Na Kalli Fim Ɗinka Har Ƙarshe

Zuwa gare ka Badaru, sanyin idona, ruwan randa a tsakiyar bazara, inuwar tsamiyar da raina ke gudu gare ta idan rana ta take, kai da in an ambaci sunanka a tsakar gida sai in nemi abin da zan sunkuya in ɗauka don kada Inna ta ga fuskata. Ina gaishe ka da mutanen Kankia baki ɗaya. Jikina lafiya ƙalau. Zuciya ce ke tafasa, kuma kai ka hura wutar.

Na kalli fim ɗin da ka tura mini a waya ranar Talata da la'asar, da ka zo zance ka kasa haɗa ido da ni. Ka ce ka samu aikin haɗa sola a Legas na shekara biyu, Asabar ta sama za ka hau mota, kuma duk abin da ke zuciyarka yana cikin fim ɗin. Shekara uku kana zarya zuwa Kusada bakinka bai taɓa gajiya da surutu ba, sai ranar da magana ta zama dole ka wakilta Bature mai kwalkwali! To, na kalla, na jure har mai fassarar nan da ke yin muryar saurayi da ta budurwa da maƙogwaro ɗaya.

Wai wannan ne gwarzon naka? Mutum zai shiga kumbo ya tafi wata tauraruwa, ya dafa gilashi, yarinya ta dafa ta ɗaya gefen, ya ce ta jira shi. Shi ke nan fa. Ba wanda ya taka zuwa wurin mahaifinta, ba goro, ba ko sallama a ƙofar gida. Ya tafi yana lilo a cikin ƙarfe ƙafa sama kai ƙasa, yana tsotsar abinci a leda kamar majinyaci, yana kuka gaban hotonta, hawayen ma sun rasa hanyar kumatu sai yawo suke a iska. Wannan ragon ka zaɓa ya yi magana da yawunka?

Na tabbata ba ka kai ƙarshe ba. Na san ka, da ka ga an fara kiɗan tausayi ka ce ya isa, ka tura mini. Bari in ƙarasa maka. A can inda ya je lokaci ba ya tafiya daidai da na duniya, shekararsa biyu arba'in ce a nan. Ya sauko da baƙin gashinsa da haƙoransa cif, ya tarar da tsohuwa a bakin taga, ba ɗa ba jika, idonta ya dushe da kallon sama. Sai aka haska fuskarsa, aka ƙara kiɗa, wai shi ne abin tausayi. Ita da ƙuruciyarta ta ƙare a kan kujera, ko minti biyu ba a ba ta ba. Tsakin da na ja sai da Inna ta leƙo ta tambaye ni ko lafiya.

Rabin raina, ai ba sai an hau kumbo ba. Shekara biyun namiji a Legas da shekara biyun mace a Kusada ba tsawonsu ɗaya ba. Kai za ka dawo ana cewa ka yi fes, ka yi kumari. Ni kuwa kowane biki sai wata ta dafa kafaɗata ta ce saura ni, tana murmushin da na san ma'anarsa. Yaran da na koya wa karatu a aji shida sun fara kawo mini katin aurensu. In Baba ya tambaye ni ina mai babur ɗin nan da ya saba tsayawa ƙofar gidansa, me zan ce? Ya tafi, amma ya bar mini fim?

Ka tuna daminar bara, ranar da ruwa ya kama ka a hanya, babur ya mutu a cikin laka? Ka turo shi da ƙafa har zaurenmu, jiƙe sharkaf, wando a naɗe, kana rawar ɗari, ka ciro ƙullin dabino daga cikin riga, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Na yi ta dariya, amma ranar na san na gama zaɓe. Wannan mutumin nake so, mai taɓo har gwiwa. Ya fi mini 'yan sama jannati dubu da kumbunansu. Ina ka kai shi, Badaru?

Ban ce kada ka tafi ba. Je ka nema, Allah ya buɗa. Amma gidan kawunka Gajere ba a wata tauraruwa yake ba, bayan shagonka ne. Ka tashe shi ya zo wurin Baba kafin Asabar, a kawo gaisuwa, a sa rana, ko da shekara biyun ce. In aka yi haka zan jira ka ina alfahari, in ƙirga watanni ina murna, duk wadda ta dafa kafaɗata in ba ta amsa.

In kuwa motar ta tashi ba wanda ya yi sallama a zaurenmu, ba zan yi maka ƙarya ba: ba zan daina son ka ba. Na gwada kwana uku, abin ya ƙi, shi ne ma babban haushina. Zan so ka har ranar da za a kai ni makwanci, amma a ɗakin wani zan yi shi.

Taka a zuciya har abada, taka a gida in Kawu Gajere ya zo,
Rauda