Ampul ɗin Ƙofar Gida

Talata, 2 Yuli 2024
Ɓarayin awaki sun shigo mana jiya. Ƙanena Awal ya tare su a zaure, suka sare shi da adda a damtse har ƙashi ya bayyana. Bai ga fuskar ko ɗaya ba don duhu. Ni na wanke jinin da ke tabarma.

Laraba, 3 Yuli
Na tahi kasuwar Ƙonni neman ampul, wato ƙwan lantarki. Na ce ma mai shago ya ba ni LED mafi haske, mai murɗawa, wanda ruwan sama ba ya kashewa. Ya tambayi faɗin ƙofar gidana, wai wannan na filin ƙwallo ne. Na ce shi nike so. Na ɗaure shi can ƙololuwar iccen da ke ƙofar gida. Ko kiyashi ya gitta sai na gan shi.

Asabar, 6 Yuli
Maƙwabcina Gidaɗo ya zo bayan la'asar. Wai hasken na haye katanga yana faɗawa makewayinsu, matansa sun bar wanka in rana ta faɗi, shanunsa ba su kwanciya. Ya roƙi in sauke shi ƙasa kaɗan. Na ce wanda ke son duhu ya san abin da yake ɓoyewa. Ya juya ya tahi.

Lahadi, 7 Yuli
An fasa ampul da dutse.

Litinin, 8 Yuli
Na iske Gidaɗo bakin rijiya yana shayar da shanu. Ban yi sallama ba. Ƙotar gatari ce a hannuna. Bugun farko ya tare da sanda, na biyu ya same shi a fuska. Ya faɗi cikin taɓo, na hau shi ina duka har aka ɓanɓare ni. Haƙorana biyu na girgiɗi, ban san sa'ad da ya same ni ba. Da aka ɗaga shi idonsa na hagu jini kawai. Ya ce, "Yakuba, ni na fasa shi. Amma ni na ɗauki Awal a amalankena zuwa likita."

Na sani. Ina wurin.

Juma'a, 12 Yuli
Jandarman da suka kama ni sun sake ni. Gidaɗo ya ce musu ba ya ƙara, tsakanin maƙwabta ne. Da ma ya yi ƙarar. Matata Rahama ta aje mini tuwo. Awal ya juya fuska bango.

Alhamis, 18 Yuli
An kama ɓarayin wajen Tajaye da awakin wasu. Baƙi ne duka.

Lahadi, 21 Yuli
Idon Gidaɗo bai tsira ba. Da magariba na ga ya fito zai tahi masallaci, ya zurma kwatar da ke bakin ƙofarsa. Ya tashi da kansa. Na tsaya cikin zaure kamar dutse.

Laraba, 24 Yuli
Ƙonni kuma. Mai shago ya miƙo irin wancan, na ce a'a. Ya nuna mini wani ƙarami mai haske ja-ja kamar na aci-balbal, wai ba ya kashe ido. Na yanka gwangwanin madara na yi mishi hula, na sauke shi daidai kan katanga, na karkata shi. Rahama ta ce ai hasken ya bar ƙofarmu, kan kwatar Gidaɗo yake faɗawa. Na ce iccen ne ya karkace.

Ban gyara ba.