Saƙon Bot a Wayar Obadiah

Litinin, 4 ga Maris
Kwana ashirin da uku da binne mijina Obadiah. 'Yata Damaris ta ce, Mummy, ki yi cancel ɗin layin Daddy. Na ce to. Ban yi ba.

Laraba, 6 ga Maris
Saƙo ya shigo wayarsa daga wani mai suna Bot, wanda Obadiah ya koya wa gyaran bindiga tun yana soja, kafin mu zo London. Yanzu Bot ke kula da bindigogin masu gadi a wani wurin haƙar ma'adinai can gida. Bai ji rasuwar ba. Ya turo hoton wani ƙarfe mai sukuru biyu a kai, ya rubuta, "Oga, ga gas key ɗin sababbin bindigogin. Ran Litinin zan raba. Ya ka gani?"

Na duba tsofaffin hirarrakinsu. Amsar Obadiah biyu ce tak, ko "Ya ciji" ko "Bai ciji ba." Na daɗe zaune a kicin har shayina ya huce. Sai na rubuta "Ya ciji." Na tura.

Ya ce, na gode Oga, Allah ya ƙara lafiya. Ban san sau nawa na karanta ba. A wurin mutum ɗaya dai mijina na nan da rai.

Alhamis, 7 ga Maris
Abinci ya ƙi shiga.

Asabar, 9 ga Maris
Na tuna Obadiah yana nuna mini irin hotunan nan a bas ɗin Thamesmead, ni kuwa ina zungurinsa ya rage murya kada Turawa su ji kalmar bindiga. Wai dole a danne ƙarfen gefe har ya shiga kan sukurun, hagu da dama. In bai kama ba, zafi da girgiza su kwance shi, iska ta zurare, bindiga ta tsaya ranar da mutum ya fi buƙatarta.

Na sa tabaransa, na buɗe hoton da yatsu, na gwada da waɗanda ya taɓa ƙi. Akwai alamar bugu, amma tsakanin ƙarfen da sukurun akwai ɗan fili, siriri kamar zare. Ni da na tsaya a aji shida ma na gani.

Bindiga goma sha biyu Bot zai raba. 'Ya'yan wasu ne za su riƙe.

Lahadi, 10 ga Maris
Ban karɓi jibin Ubangiji a coci ba yau. Na ce wa matar fasto kaina ke ciwo.

Da na dawo flat na rubuta, "Na sake dubawa, bai ciji ba." Da na tura haka da shike nan, ba wanda zai sani. Na goge. Na kira.

"Oga!" ya ce, da murna.

"Bot, matarsa ce. Obadiah ya rasu."



"Mama, to wa ya amsa mini ran Laraba?"

"Ni ce. Ka yafe mini. Kada ka raba bindigogin nan."

Ya yi kuka. Wai shi ma hankalinsa bai kwanta da su ba, amma Oga bai taɓa kuskure ba. Bai zage ni ba. Da ma ya zaga.

Laraba, 13 ga Maris
Bot ya ce ya kai bindigogin wurin wani tsohon mai gyara, tara daga ciki aka sake dannewa. Tara.

Ya roƙi izini ya sanar da sauran yaran Oga. Na ce to. Tun safe wayar ke ƙara, mutanen da ban taɓa jin sunansu ba, suna gaisuwa, kowa da labarinsa. Ina amsawa ɗaya bayan ɗaya. A ƙasan kowanne ina sa sunana.