Ma'aunin Zoɓo da Injin Sharar Masallaci

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Ɗan Alhaji Basiru ya aiko wa masallacin Juma'armu injin shara, irin mai tsayuwa da ake turawa kan kafet. Kwamiti ya ce ni zan gwada shi, tunda ni ke koyar da kimiyya a sakandare. Wa za su ba in ba ni ba? In injin ya isa, za a sallami Baba Nababa, mai shara shekara talatin da ɗoriya. Alhaji Basiru, shugaban kwamitin, ya ce, "Malam Khalilu, ka ga yadda gari yake. Hatsin da ake haɗa masa duk wata ya fara gagarar mutane." Haka ne kam.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Na haɗa ma'auni da hannuna! Farin tiyo na lanƙwasa a kan katako, na zuba ruwan zoɓo don a gani, na ɗaura rula a gefe. In na haɗa da bakin injin, zuƙarsa sai ta ja zoɓon sama. Santimita 38. Matata Hure ta ce na ƙarar mata da zoɓon sayarwa a wasan yara. Wasan yara wai.

Asabar, 12 ga Oktoba
Gwangwani uku na yashi na barbaɗa a sahun gaba. Injin ya dawo da biyu da rabi da ɗan kai. Har liman ya leƙo yana "Masha Allah." Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

Laraba, 23 ga Oktoba
Har yanzu 38. Ga kaka, manoma na shigowa da ƙaiƙayin gero a ƙafa da riga, ya kamata a ce matatar injin ta toshe, iska ta ragu. Ko ɗigo. Na fara rubuta rahoto. Baba Nababa ya gaishe ni, na amsa ina kallon rula.

Juma'a, 25 ga Oktoba
Na manta littafina, na koma da hantsi. Na sami Baba Nababa bayan masallaci ya kwantar da injin a cinya, yana tsince ƙaiƙayi da zare daga burushin da tsinken tsintsiya. Matatar kuwa ya riga ya kakkaɓe. Kullum haka yake yi, kafin na zo awo.
Na ce, "Baba, ka san dalilin gwajin nan?"
Ya ce, "Na sani, Malam. To kayan masallaci ne. Ina jin numfashinsa na sarƙewa, in ƙyale shi?"
Kunya ta hana ni cin abincin rana.

Talata, 29 ga Oktoba
Na roƙe shi ya bar injin ba gyara kwana huɗu, da ƙyar ya yarda. Santimita 17. Gwangwani ɗaya kacal ya dawo.

Juma'a, 1 ga Nuwamba
Na kai wa kwamiti katakon har gabansu, suka ga 17 da idonsu. Baba ya ɗauki tsinkensa, minti goma, zoɓo ya haye 38. Alhaji Basiru ya ce a bar maganar sallama.
Ma'aunina bai yi kuskure ko sau ɗaya ba, wannan ina nan a kai. Kawai mako biyu na yi ina auna Baba Nababa, ina rubuta sunan inji.
Gobe da hantsi zan je wurin Baba. Ya ce in taho da tsinkena.